Yadda ake kallon tsuntsaye masu ƙaura a fadama da kurmi a farkon kaka

Daga ƙarshen Yuli zuwa Oktoba, tsuntsayen da suka yi sheƙa suka ƙyanƙyashe a Turai da arewacin Asiya sukan kama hanyar kudu. Ƙananan tsuntsaye kaɗai da ke tsallakowa daga Turai zuwa Afirka kowace kaka, kiyasin masana ya kai su kimanin biliyan 2. Duk inda ruwa ya kwanta ko itatuwa suka yi duhu a kan hanyarsu, nan suke yada zango su ci su huta. Sai dai mai fara koyo ya sani cewa a wannan lokaci ne tsuntsu ya fi wuyar ganewa. Adon da namiji ya yi don neman mace ya koɗe ko ya zube, waƙa ta ɗauke, da yawa daga cikin waɗanda za ka gani kuma 'ya'yan bana ne da ba su gama kama da iyayensu ba. Wanda ya dogara da launi kawai zai dawo gida da ruɗani. Siffa, ɗabi'a da wurin da tsuntsu ya zaɓa su ne abin dogaro. Sunayen kimiyya da ke ƙasa an sa su ne domin su ne ba sa canzawa daga littafi zuwa littafi.

Kayan aiki

Na farko shi ne madubin hangen nesa mai ido biyu. Nemi wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa. Lambar farko tana nufin yana kusanto da abu sau 8, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ne, milimita 42. Idan ka raba 42 da 8 za ka sami ɗan fiye da 5, wato faɗin hasken da ke shiga idonka, kuma shi ya sa wannan madubi yake nuna abu tangaram da asuba da cikin inuwar kurmi. Ɗan ƙaramin nan 8x21 bai kai 3 ba, don haka da sassafe duhu yake yi. Mai 10x42 yana da kyau a fili mai faɗi, amma yana ƙara nuna rawar hannu, kuma filin da yake kamawa ya fi ƙunci. Guji masu lamba 20 ko sama da haka da ake riƙewa a hannu, da masu maɓallin ƙara kusantowa. Hoton rawa zai yi ta yi, tsuntsu ya tashi ba ka ma same shi ba.

Madubi mai ido ɗaya da ake ɗorawa a kan ƙafa uku, mai kusantowa daga 20 zuwa 60, yana da amfani a babban tafki, amma ba dole ba ne a shekarar farko. Idan ma babu madubi ko ɗaya, ba a fasa fita. Fara da manyan tsuntsaye da ido ke iya rarrabewa, ka zauna wuri ɗaya har ƙananan su saba da kai su matso, ka riƙa ɗaukar bidiyo da waya maimakon hoto, domin bidiyo yana riƙe motsi da kuka.

Sai littafin gane tsuntsaye na yankin da kake. Mai zane ya fi mai hotuna, kuma kafin ka saya ka duba ko ya nuna kamannin ƙananan da ba su balaga ba da kamannin bayan lokacin sheƙa. Wanda bai nuna waɗannan ba, ba zai amfane ka a kaka ba. Manhajar waya ta Merlin, mai gane tsuntsu ta hoto ko ta kukansa, tana maye gurbin littafi idan ka sauke kundin yankinka tun a gida, don ta yi aiki inda babu intanet.

Sauran kaya: ɗan littafin rubutu da fensir (tawadar biro tana narkewa da raɓa), tufafi masu launin ƙasa ko toka ko kore mai duhu, dogon wando, takalmin roba mai dogon wuya, hula, ruwan sha, da maganin sauro na shafawa. Farar riga tana sanar da zuwanka tun daga nesa.

1. Daidaita madubi tun a gida

Da yawa sukan tsallake wannan, su yi ta fama da ciwon kai suna zargin madubin. Lanƙwasa shi a tsakiya har da'ira biyun da kake gani su haɗe su zama ɗaya. Idan kana sa tabarau, murɗa robar bakin idon ta koma ƙasa. Idan ba ka sawa, ɗago ta. Sannan ka nemi wani rubutu da ke nesa da kai kamar mita 30. Rufe gilashin gaba na dama da murfinsa, ka juya majuyin tsakiya har rubutun ya fito sarai a idon hagu. Buɗe na dama ka rufe gilashin hagu, kada ka sake taɓa majuyin tsakiya, ka juya ɗan zoben da ke jikin idon dama har shi ma ya fito. Murfi za ka yi amfani da shi, kada ka runtse ido, domin runtsewa tana matse ido ta ɓata awon. Lura da inda zoben ya tsaya, saboda duk wanda ya ari madubin zai canza shi.

Koyi kuma yadda ake ɗaga shi. Idonka ya tsaya a kan tsuntsu, hannu ne zai kawo madubin ga ido. Da zarar ka sunkuyar da kai ka dubi madubin, ka ɓatar da wurin. Gwada da kurciya ko hankaka a bakin gida har hannu ya saba.

2. Zaɓi wuri ɗaya ka riƙe shi

Ba a gane ƙaura da ziyara ɗaya. Sai ka san mazauna wuri kafin ka gane baƙo, kuma sai ka koma sau da yawa kafin ka ga cewa abin da ke nan yau babu shi makon jiya. Wuri na kusa da za ka iya zuwa sau ɗaya ko biyu a mako ya fi shahararren wuri mai nisa da za ka je sau ɗaya a shekara.

Nemi inda abu biyu suka haɗu: ruwa marar zurfi mai laka a bakinsa, da ciyayin ruwa irin su kacala, da itatuwa ko sarƙaƙiya a gefe. Tafki mai zurfi mai gangaren baki ba ya tara tsuntsaye sosai, komai kyansa. Gonar shinkafa da ruwa ya fara janyewa, bakin madatsar ruwa, har ma da tafkunan tace ruwan ƙazanta na gari, sukan fi shi albarka. A kurmi kuma gefe ya fi tsakiya, domin nan rana ke fara faɗawa ƙwari su motsa.

Manyan masaukan da ke kudu da Sahara an san su: Djoudj a Senegal, ambaliyar kogin Neja a tsakiyar Mali, fadamun Hadeja da Nguru, da Tafkin Chadi. Amma ɗan kududdufin da ya riƙe laka zuwa Oktoba yana iya samun nasa rabon. Nemi izinin mai gona ko masu kula da wurin, ka gaya wa wani inda za ka, kada kuma ka nuna madubi wajen gidajen mutane ko wuraren jami'an tsaro.

3. Lokaci da yanayi

Da safe ake kama fara. Yawancin ƙananan tsuntsaye masu cin ƙwari da dare suke tafiya, su sauka da asuba da yunwa. Ka kasance a wurin rabin awa kafin fitowar rana. Awa uku na farko su ne na kurmi. Bayan nan zafi yana tura su cikin ganye, kawalwalniya kuma ta fara ɓata hange a kan ruwa. Masu kiwo a laka ba su damu da safiya haka ba, ana samun su duk yini. A bakin teku kuwa ruwa ne ke da iko: je awa biyu kafin cikarsa, lokacin da yake turo su kusa da gaɓa.

Daren da sama ta yi garau kuma iska ke kaɗawa daga arewa, tsuntsaye sukan wuce ta sama ba su sauka ba. Daren da suka taso lafiya sannan suka ci karo da hadari, ruwan sama ko iska mai tunkarar su, shi ke tilasta musu sauka. Washegarin irin wannan dare kada ka yi barci.

Jerin zuwansu ma yana da tsari. Manyan masu kiwo a laka ne ke fara barin arewa tun Yuli, 'ya'yansu su biyo baya a Agusta da Satumba. Kudu da Sahara ana fara ganin su daga Agusta, ƙananan tsuntsayen itatuwa da tsattsewa su yi yawa a Satumba da Oktoba, agwagin ruwa kuma sai wajen Oktoba da Nuwamba suke cika. Wanda ya fita a farkon Satumba yana neman dubban agwagi ya yi sammako da yawa.

4. Yadda za ka isa ka tsaya

Sa rana a bayanka. Da safe ka tsaya gabas da ruwan kana duban yamma, da yamma ka juya. Tsuntsun da ke tsakaninka da rana baƙar inuwa ce kawai. Kada ka fito kan tudu ko gaɓa gaba ɗaya jikinka ya tsaya a sararin sama. Leƙa daga bayan ciyawa ko itace, ka dudduba kusa da madubi kafin ka ƙara taku. Zauna idan da hali, ka ba wurin minti 15. Abin da ya ɓuya da zuwanka zai fito.

Idan tsuntsaye suka daina ci, suka ɗaga kai gaba ɗaya, ko suka fara takawa suna nisantar ka, ka matsa da yawa, sai ka ja da baya. Akwai ɗan tsuntsun da nauyinsa bai wuce giram 10 ba, wanda ya ƙetare hamada mai faɗin fiye da kilomita 1,500 da kitsen jikinsa kawai. Duk tashin da ka sa ya yi, daga wannan ajiya yake ci. Saboda haka ne ma ba a kunna musu kukan 'yan'uwansu da waya don a jawo su.

Kada ka shiga ruwan da ke kwance da ƙafa tsirara a ƙasashe masu zafi, saboda tsargiya. Dubi inda kake taka ƙafa a cikin ciyawa, in ka dawo kuma ka bincika jikinka ko kaska ta kama.

5. Tsarin gane tsuntsu

Kada ka buɗe littafi tsuntsu yana gabanka. Littafi ba ya tashi. Dubi waɗannan bi da bi, ka rubuta:

girma, gwargwadon wani tsuntsu da ka sani, ko wanda ke tsaye kusa da shi;
baki, tsawonsa idan an gwada da kan tsuntsun, da ko miƙaƙƙe ne ko ya lanƙwasa sama ko ƙasa;
ƙafafu, tsawo da launi, amma ka tuna laka tana shafe launi;
abin da yake yi;
fari ko zane a fiffike, gindin wutsiya da gira, musamman sa'ad da ya tashi;
kuka, a rubuta shi yadda kunne ya ji.

Launin jiki ne na ƙarshe. Ɗan bana gashinsa sabo ne, kowane gashi da siririn farin baki a gefensa, ya yi tsaf. Babba kuwa gashinsa ya tsufa, ko ya yi dabbare-dabbare saboda yana sake shi. Sau da yawa abin da mai koyo ya ɗauka iri biyu ne, uwa ce da ɗa.

Babban kuskuren masu farawa shi ne gaggawar kiran abu da suna mai wuyar samu. Idan kana shakka tsakanin tsuntsun da aka saba gani da wanda ba a saba ba, kusan kullum na farkon ne. Rubuta "ban gane ba" ba abin kunya ba ne.

6. A bakin ruwa

Fara da ware 'yan gida. A fadamun Afirka ta Yamma, balbela, zakaran ƙeƙuwa, dinya da kirinjijiya ba daga Turai suke ba. Shamuwa kuwa mai ƙaura ce, amma a cikin Afirka: tana zuwa Sahel da damina, kuma lokacin da baƙin arewa ke sauka ita haramar tafiya kudu take yi.

Masu dogayen ƙafafu da ke kiwo a laka su ne darasin farko, kuma guda biyar sun isa shekara ɗaya. Actitis hypoleucos ƙarami ne mai gajerun ƙafafu, ba ya daina kaɗa gindi sama da ƙasa, farin cikinsa ya kutsa sama tsakanin ƙirji da fiffike, in ya tashi kuma dab da ruwa yake bi da fukafukai a sanƙare suna karkarwa. Tringa glareola ya fi shi tsawon ƙafa, ƙafafun rawaya-rawaya, da farar gira da ɗigo-ɗigo a baya, yana son ruwa mai ciyawa. Tringa ochropus yana kama da shi ƙwarai, sai dai ya fi duhu, ƙarƙashin fiffikensa baƙi ne, in ya tashi sai ka ga kamar baƙi da fari kawai. Waɗannan biyun su ne aka fi rikitawa, kuma tashinsu ne ke raba gardama. Tringa nebularia babba ne mai launin toka, bakinsa ya ɗan ɗaga sama, kukansa gaɓa uku ne masu ƙarfi, tiu-tiu-tiu. Calidris pugnax ɗan ƙaramin kai gare shi da tumbi, bayansa kamar ɓawon kifi, namiji kuma ya fi mace girma nesa ba kusa ba, har a ɗauka ba iri ɗaya ba ne. Dogon gashin wuyan da namijin ke ado da shi a hotuna, ba za ka gan shi a kaka ba.

Haka ma agwagwar nan Spatula querquedula. Farin layin da ya ratsa kan namiji ya ɓace, ya koma ruwan ƙasa kamar mace. Dubi layukan fuska masu haske da duhu, in sun tashi kuma ka nemi toka-toka mai haske a gaban fiffike.

Da yamma ka tsaya kusa da kacala. Tsattsewar Turai, Hirundo rustica, mai jan maƙogwaro da baƙin ɗauri a ƙirji da doguwar wutsiya mai reshe biyu, tana taruwa ta kwana a ciki, tare da Riparia riparia mai launin ƙasa da ɗauri a ƙirji. 'Ya'yan bana na tsattsewar wutsiyarsu gajera ce, maƙogwaronsu kuma ya koɗe, don haka a Sahel ana rikita su da Hirundo aethiopica, 'yar gida, wadda ɗaurin ƙirjinta bai haɗe a tsakiya ba. Inda shanu ke kiwo a dausayi, dubi ƙarƙashin ƙafafunsu: ɗan siririn tsuntsu mai rawayan ciki da ke gudu yana kaɗa wutsiya, Motacilla flava ne.

7. A kurmi

Nan haƙuri ya fi tafiya amfani. Yi taku kaɗan, ka tsaya, ka bar ido ya kama motsin ganye. Tsaya daɗe a gindin itacen da ya yi 'ya'ya ko fure. Kudu da Sahara baƙin nan sun fi son itatuwa masu ƙaya irin su gawo, bagaruwa da aduwa, sun fi ƙyale dalbejiya da turare.

Muscicapa striata mai launin toka yana zama tsaye a busasshen reshe, ya zabura ya cafke ƙwaro a iska ya dawo inda ya taso. Ficedula hypoleuca a kaka ba baƙi da fari ba ne, ruwan ƙasa ne da farin tabo a fiffike, yana yawan ɗaga fiffike ɗaya. Phylloscopus trochilus ɗan mitsitsi ne mai rawaya-rawaya, ba ya zama wuri ɗaya. Ƙafafunsa yawanci masu haske ne, fiffikensa dogo. Ɗan'uwansa Phylloscopus collybita ƙafafunsa baƙaƙe ne, yana yawan tsoma wutsiya ƙasa, kuma ya fi makara wajen zuwa.

Idan kuna da yawa, ɗauki itacen kamar fuskar agogo wajen nuna wa juna: "ƙarfe biyu, rabin hanya zuwa tsakiya". Nuni da hannu korar tsuntsu yake yi.

8. Daga hantsi, dubi sama

Manyan tsuntsaye masu shawagi irin su shirwa da rana suke tafiya, suna hawa iska mai ɗumi da ke tashi daga ƙasa, kuma ba ta fara tashi sai wajen ƙarfe 9 ko 10. Teku ba ya ba da irin wannan iska, shi ya sa suke cunkushewa a mashigai irin su Jibralta tsakanin Sifaniya da Maroko, inda faɗin ruwan bai wuce kimanin kilomita 14 ba, da Bosforus a Turkiyya, da Batumi a ƙasar Jojiya inda ake ƙirga fiye da miliyan ɗaya a kaka. A fadama ka sa ido ga Circus aeruginosus da ke shawagi ƙasa-ƙasa a kan ciyawa da fukafukai a ɗan ɗage, da Pandion haliaetus mai farin ciki da ke faɗawa ruwa da ƙafa ya ɗauko kifi. Shirwar Afirka bakinta rawaya ne, ta Turai baƙi, amma 'ya'yan ta Afirka ma bakinsu baƙi ne, saboda haka baƙin baki kaɗai bai isa hujja ba.

9. Ƙirga

Ƙaramin taro ɗaya-ɗaya ake ƙirga shi. Babba kuma, ƙirga goma, ka riƙe girman wurin da suka cika a idonka, ka riƙa aza wannan ma'auni a kan sauran; in sun yi yawa ka koma hamsin-hamsin ko ɗari-ɗari. Fara da kiyasi na gaggawa tun kafin su tashi, sannan ka natsu ka ware iri-iri. Ido ya fi karkata ga rage adadi a babban taro. Ɗauki hoto ka ƙirga a gida, za ka san yadda naka idon yake kuskure.

10. Rubutu da rahoto

Kowace fita ta sami kwanan wata, wuri, lokacin farawa da gamawa, nisan da ka taka, yanayin sama, da yawan ruwa da laka. Rubuta duk abin da ka gane har da 'yan gida, da adadi, domin rashin ganin abu ma bayani ne. Jerin bakin ruwa daban, na kurmi daban. Ana shigar da irin wannan jeri a shafin intanet na eBird, wanda cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell a Amurka ke gudanarwa tun 2002, ko a BirdLasser da masu zana taswirar tsuntsaye a Afirka ke amfani da shi. Kada ka shigar da abin da manhaja ta ce ta ji idan kai ba ka tabbatar ba, tana kuskure. Idan ka ga abin da ba a saba gani ba, haɗa da hoto ko da marar kyau ne, ko bayanin da ka rubuta a wurin. Inda ake farautar tsuntsaye, kada ka yaɗa ainihin wurin kwanansu.

Idan ka hangi zobe mai launi a ƙafar tsuntsu, rubuta ƙafar hagu ce ko dama, sama da gaɓa ko ƙasa da ita, launuka daga sama zuwa ƙasa, da haruffan da ke jiki. Shafin cr-birding.org yana taimakawa a gano masu aikin da suka sa shi, zoben ƙarfe na Turai kuma ana kai rahotonsa ta ring.ac, galibi kuma sukan aiko da tarihin inda aka sa zoben da ranar. Tsuntsun da ka tarar a mace ko yana magagi, kada ka taɓa shi da hannu saboda murar tsuntsaye. Ɗauki hoton zoben daga inda kake, in kuma matattun sun yi yawa a wuri ɗaya ka sanar da jami'an kula da lafiyar dabbobi, ka wanke takalminka kafin ka shiga inda ake kiwon kaji.